Taƙamar doki: gado ce ko horo?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, masu karatu cikin cibiyoyin yaƙi da jahilci, yau zancen doki za mu yi.

Kowa ya san gardamar da ake yi a kasuwar dabbobi. Wani ya ce doki jini ne, in uba ya yi gudu ɗa zai yi. Wani ya ce a'a, doki ciki ne da hannu: ba shi dawa da harawa, sa mashi mahayi na ƙwarai, ko ɗan wace goɗiya ne zai yi kyau. Gardamar nan ba ta banza ba ce, domin dukiya ke cikinta. Mutum yana saida shanunshi ya sayi duƙushi saboda sunan ubanshi. Wani yana tafiyar yini guda da goɗiya don ya kai ta baye wurin ingarman da ya ji labari. Goɗiya tana wata 11 da ciki. Bayan haihuwa kuma sai an jira shekara uku ko huɗu kafin a san abin da duƙushin zai zama. In zaɓen bai yi kyau ba, wahalar shekara biyar ke nan ta tafi, da hatsin da aka zuba.

Akwai wata ƙasa da ta ɗauki gardamar nan ta sa mata awo da rubutu. Sunanta Islanda. Ku biyo mu ku ji abin da suka gano.

Tsibirin da doki ba ya shiga

Islanda tsibiri ne cikin teku, can arewa da Ingila, inda sanyi ke da tsanani. Mutanenta wajen 400.000 ne, ba su kai rabin mutanen Yamai ba. Amma dawakinsu sun fi 60.000. Mutanen farko sun zo tsibirin wajen shekara ta 874, mafi yawa daga ƙasar Norwe, cikin jiragen ruwa na katako. Sun zo da dawakinsu. Dawakin da ke can yau jikokin waɗannan ne.

Kusan shekara dubu ke nan ba a gauraya jinin da na waje ba. Dokar ƙasar ta hana a shigo da doki. Har ma dokin ƙasar, in ya fita waje wasa ko gasa, ba ya komawa gida har abada, sai a saida shi can. Dalilin dokar shi ne tsoron cuta. Dawakin tsibirin ba su saba da cututtukan waje ba, kuma ba a yi masu allurar rigakafi. A shekara ta 2010 wani tari ya shiga cikinsu ya bazu ko'ina, har dole aka ɗage babban bikin dawaki na ƙasar zuwa 2011.

Dokin Islanda gajere ne, tsayinshi wajen santimeta 140 daga ƙasa zuwa doron kafaɗa. Yana da kauri da gashi mai yawa. In kun gan shi a kasuwa kuna iya ce mashi ƙuru. Amma yana ɗaukar babban mutum ya yini da shi bisa duwatsu. Wahala ce ta tace shi. A 1783 wani dutse mai aman wuta ya fashe, toka mai guba ta rufe ciyawa, rabin dawakin ƙasar ko fiye suka mutu. Waɗanda suka rayu su ne suka haifi na yanzu.

Tafiya biyar

Dawakin duniya mafi yawa tafiya uku gare su: tafiyar hankali, da sassarfa, da sukuwa. Dokin Islanda yana da ƙarin biyu.

Ta farko suna ce mata tolt. Ita ce ƴar uwar taƙamar da kuka sani. Ƙafafu huɗu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum akwai ƙafar da ke taɓa ƙasa. Don haka mahayi ba ya jijjiga. A wajen wasa har mutum yana riƙe kofi cike da abin sha, doki yana tolt, bai zuba ba.

Ta biyu gudu ce, mu kira ta gudun gefe. Ƙafar gaba da ta baya na gefen dama suna tashi tare, sannan na gefen hagu su tashi tare. Dubi tafiyar raƙumi, haka take. Doki mai kyau yana wuce kilometa 40 a awa da wannan gudu, amma a ɗan gajeren fili.

To ga abin mamaki. Kusan duk dawakin tsibirin suna iya tolt, amma ba duka ke iya gudun gefe ba. Wani duƙushi tun yana bin uwarshi za a ga yana yi, ba wanda ya koya mashi. Wani kuwa ko an shekara ana horo ba ya yi. Makiyayan can sun daɗe da sanin abin yana bin gida. Ba su san ta yadda yake bi ba.

Yadda gado ke tafiya

Jikin doki, kamar jikin mutum, an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa. Mu kira su zaren gado. Doki yana da 64. Biyu-biyu suke, wato 32 sau biyu. Duƙushi yana samun 32 daga uba, 32 daga uwa. Ku riƙe wannan da kyau: rabi da rabi ne. Uba bai fi uwa ba ko da zare ɗaya.

Jaki yana da 62. In jaki ya hau goɗiya, alfadarin da aka haifa yana da 63. Zaruruwan ba su dace biyu-biyu ba, shi ya sa alfadari ba ya haihuwa, in ba wani abin mamaki ba.

Bisa zaren nan akwai saƙonni dubbai, jere kamar duwatsun tasbaha. Kowane saƙo ana ce mashi ƙwayar gado. Kowace ƙwayar gado doki yana da ita sau biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. In ya zo haihuwa, ɗaya kawai daga cikin biyun yake ba ɗanshi, kuma ba shi ke zaɓe ba, kamar ƙuri'a ce. Shi ya sa duƙusai biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke bambanta. Wanda ya fara gane wannan doka wani malamin addinin Kirista ne mai suna Gregor Mendel. Ya gane ta da shukar wani irin wake, ya rubuta a 1866.

Launi shi ne ya fi sauƙin gani. Jan doki sak, wanda geza da wutsiyarshi ba baƙi ba ne, in ya haɗu da goɗiya irinshi, ja suke haihuwa kullum. Dokin da ake haihuwa da duhu ya yi ta fari da shekaru kuwa, tilas uwarshi ko ubanshi ɗaya mai yin fari ne. Wannan launi ba ya ɓoyewa ya tsallake iyaye.

Ƙwaya ɗaya da ta canza tafiya

A shekara ta 2012 masu bincike a garin Upsala na ƙasar Suwed, tare da wani malami Leif Andersson, suka ɗauki dawakin Islanda 70. Guda 40 suna iya gudun gefe, 30 ba su iyawa. Suka duba zaren gadonsu, suna neman inda ƙungiyoyin biyu suka bambanta. Suka same shi wuri ɗaya tak, bisa zare na 23. Sunan ƙwayar DMRT3.

Ga aikinta. Cikin ƙashin baya akwai laka, babbar jijiyar da ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafafu. Cikin lakar akwai wasu ƙananan jijiyoyi masu tsara wace ƙafa za ta tashi, wace za ta sauka. Ƙwayar DMRT3 tana cikin masu gina waɗannan jijiyoyi. Masu binciken sun gwada da ɓeraye. Ɓeran da aka cire ma ƙwayar, ƙafafunshi ba su jituwa in ya so sauri.

Ƙwayar tana da kama biyu. Ta asali ana rubuta ta da harafin C. Sabuwar ana rubuta ta da A. Cikin sabuwar, harafi ɗaya ne ya canza, sai saƙon ya yanke kafin ya kai ƙarshe. Wannan yankewa ita ke sassauta tsarin ƙafafu, har doki ya iya ɗaga na gefe guda tare, kuma ya yi sauri ba tare da ya faɗa sukuwa ba.

Tunda kowane doki yana da ƙwayar sau biyu, iri uku ake samu: CC, da CA, da AA. Ku ɗauki alli ku yi lissafin bisa allo, ba wuya.

Ingarma AA da goɗiya AA: duk ɗiyansu AA ne, ba abin da za su ba da sai A.

Ingarma AA da goɗiya CA: rabi AA, rabi CA.

Ingarma CA da goɗiya CA: cikin huɗu, ɗaya AA, biyu CA, ɗaya CC. Ba wai kowace haihuwa huɗu haka za ta fito daidai ba. Sai an ƙirga haihuwa da yawa lissafin ke bayyana.

Dawakin da ke gudun gefe kusan duka AA ne. Mai CA yana tolt, amma da wuya ya yi gudun gefe. Sai dai ku lura: ba kowane AA ne ke yi ba. Akwai masu AA da ba su taɓa yin gudun da kyau ba. Ƙwayar tana buɗe ƙofa ne kawai. Shiga ɗakin yana bukatar sauran jiki, da ƙarfi, da mahayin da ya san aikinshi.

A 2014 an duba dawaki fiye da 4.000 na iri 141 a duniya. An sami harafin A cikin iri 68, musamman dawakin da mutane ke so don tafiya mai laushi, da masu jan keke a tsere. Wasu masu horo, a ƙasashe da dama, suna ɗaure ƙafar gaba da ta baya na gefe guda da igiya don su koya ma doki taƙama. Ana samun nasara. Amma taƙamar igiya tana tsayawa ga dokin da aka ɗaure. Ba ta shiga zaren gado, ɗanshi ba ya gadonta. Haka tabon wuta, haka gurguntar da faɗuwa ta kawo, haka ladabin da aka koya a turke. In kuna neman taƙama cikin ɗiya, ku tambaya: uban da kanshi ya fara, ko koya mashi aka yi?

Ƙarfin gado

Labarin DMRT3 yana da daɗi, amma irinshi kaɗan ne. Tsayi, da gudu, da juriya, da hali, ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da su ba. Ƙwayoyi ɗaruruwa ne, kowace ta sa ɗan nata, kamar gayya a gona. Bisa wannan kuma ga abinci, ga cuta, ga horo. Ba a iya bin su da harafi ɗaya-ɗaya. Sai masana suka fito da wani awo. Mu ce mashi ƙarfin gado.

Ma'anarshi ita ce: cikin bambancin da ake gani tsakanin dawakin wuri guda, kashi nawa ne iyaye ke miƙa ma ɗiyansu? Ana faɗin shi bisa ɗari. Misali zai fi bayani.

A ce dawakin wani yanki, in an haɗa an raba, tsayinsu santimeta 140 ne. Aka zaɓi ingarma mai 150 da goɗiya mai 150. Sun fi sauran da 10. A ce ƙarfin gadon tsayi 60 bisa ɗari ne. To ɗiyansu ba za su tsaya 150 ba. Cikin 10 ɗin nan, 6 ne ke wucewa. Ɗiyan za su taru wajen 146. Wani ya fi, wani ya kasa, amma tsakiyarsu ke nan. Ina sauran 4? Su na ciyawa mai kyau ne da nonon da iyayen suka samu, da sa'a. Waɗannan ba su bin jini.

Yanzu a ce ingarman kawai aka zaɓa, goɗiyar kuwa ta kowa ce mai 140. Fifikon iyayen, in an haɗa an raba biyu, ya zama 5. Kashi 60 bisa ɗari na 5 shi ne 3. Ɗiyan za su taru wajen 143. Kun ga wanda ya kai kowace goɗiya wurin babban ingarma, rabin riba kawai ya samu.

In kuwa hali ne mai ƙarfin gado 20 bisa ɗari, cikin fifiko 10, biyu kawai ke wucewa. A nan kwanon abinci da hannun mahayi sun fi sunan uba nauyi nesa ba kusa ba.

A Islanda an auna wannan da dawaki dubbai. Tsayi yana da ƙarfin gado babba, 60 bisa ɗari ko fiye. Gudun gefe ya fi rabi. Kyan tolt wajen 40 ne. Kyan tafiyar hankali kuwa wajen 20 kawai. Ga dabbobi gaba ɗaya, abin da ya shafi ƙashi da siffar jiki yana gado ƙwarai, abin da ya shafi ɗaukar ciki da sauri kuwa gadonshi kaɗan ne. Goɗiyar da ba ta ɗaukar ciki, a fara duba ƙibarta da lafiyarta kafin a zagi uwarta.

Akwai kuskure biyu da mutane ke yi da wannan lissafi, har masu ilimin boko. Na farko, 40 bisa ɗari ba ya nufin kashi 40 na tolt ɗin dokinka daga jini ne, 60 daga horo. Awon na garke ne, ba na doki ɗaya ba. Na biyu, lambar ba ta tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa. Inda kowane doki ke cin abinci iri ɗaya, bambancin da ya rage na jini ne, sai lambar ta hau. Inda dokin attajiri ke cin dawa safe da yamma, na talaka kuma yana kiwon kara, yunwa ce ke raba su, sai lambar ta sauka. Saboda haka kada wani ya ɗauki lambobin Islanda ya ɗora bisa dawakin Arewa ko na Damagaram. Hanyar lissafin ce ɗaya, ba lambar ba.

Ingarma ana sanin shi ga ɗiyanshi

Ta yaya mutanen Islanda suka sami waɗannan lambobi? Da gwaji da rubutu, shekara bisa shekara.

Ba su hanzarin hawan duƙushi. Suna barin shi cikin garke a daji har ya kusa shekara huɗu. Daga nan mai shi yana iya kai shi gaban alƙalan dawaki. Ana auna shi da sanda da tef. Ana duba kai, da wuya, da baya, da ƙafafu, da kofato. Sannan a hau shi bisa hanya miƙaƙƙa, a duba kowace tafiya dabam, a duba halinshi. Kowane abu ana ba shi maki daga 5 zuwa 10. Makin hawa ya fi na kyan jiki nauyi, domin doki na hawa ne, ba na kallo ba. Babban bikinsu na ƙasa an fara shi tun 1950.

A 1986 suka ƙara wani mataki, bisa aikin wani masani ɗan ƙasar mai suna Thorvaldur Arnason. Maimakon a dubi makin doki shi kaɗai, sai a haɗa da makin uwarshi, da ubanshi, da ƴan uwanshi, da ɗiyanshi, a cire bambancin shekaru da na mace da namiji, na'ura ta fitar da lamba ɗaya. Lamba 100 ita ce tsaka-tsaki. Mai 120 yana cikin ƙalilan na sama. Yau duk wannan yana cikin wani babban littafi na intanet mai suna WorldFengur, wanda ya ƙunshi dawakin irin nan na ƙasashe da yawa. Domin yanzu waɗanda ke waje, musamman a Jamus, sun fi na tsibirin yawa.

Me ya sa aka sa ɗiya cikin lissafi? Domin doki ɗaya yana iya ruɗin ido. Wataƙila mahayinshi ne gwani. Wataƙila ranar gwaji ce ta yi mashi kyau. Amma ɗiya 30 da suka fito daga goɗiyoyi dabam-dabam, suka tashi a gidaje dabam-dabam, ba su ƙarya. In mafi yawansu suna da kyau, abin daga uban ne. Babbar lambar girma ta ingarma a can, ba a ba da ita sai an gwada ɗiyanshi 50 ko fiye. An sha ganin ingarman da ya burge kowa a fili, ɗiyanshi suka fito ba komi. An kuma ga wanda ba a kula da shi ba, ɗiyanshi suka ɗaukaka shi.

A nan ne ingarma ya fi goɗiya, ba cikin jini ba. Goɗiya ɗa ɗaya take haihuwa a shekara, in ta yi ƙoƙari. Ingarma yana iya baye goɗiyoyi da yawa a damina guda. In mai kyau ne, alherin ya bazu. In mai aibi ne, aibin ya bazu.

Wani abin da ya kamata a kawar: wasu suna cewa ingarman da ya fara hawan goɗiya yana barin alama cikin duk ɗiyan da za ta haifa nan gaba, ko da wani uba ne. Turawa ma sun daɗe da wannan zato. An bincika, ba haka ba ne. Kowane ciki da ubanshi.

Inda zaɓe ke cizo

Kada ku ɗauka komi lafiya lau ne a Islanda. Zaɓe mai tsanani yana da nashi haɗari.

An haifi wani ingarma a 1986 mai suna Orri. Ɗiyanshi sun yi kyau ƙwarai, kowa ya ruga wurinshi. Ya bar ɗiya fiye da dubu. Ɗiyanshi maza su ma suka zama manyan ingarmu. Yau dawaki masu yawan gaske na ƙasar suna da jininshi, wasu ta uwa da ta uba duka. Tunda ba a shigo da jinin waje, dangantaka tana ƙara matsewa.

Ga illar. Kowace dabba tana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado marasa kyau a ɓoye. Ba su bayyana domin ta biyun, wadda ta zo daga ɗayan mahaifin, lafiyayya ce, tana rufe ta. Amma in uba ya hau ɗiyarshi, ko wa ya hau ƙanwa, sai mummunar ƙwaya ta haɗu da irinta. Daga nan ake samun duƙushi mai rauni, da yawan ɓari, da rashin ɗaukar ciki. Makiyayanmu sun san wannan ga awaki da kaji, inda bunsuru ɗaya ya daɗe a gida.

Abu na biyu ya shafi harafin nan na C. Saboda kowa yana son gudun gefe, an yi ta zaɓen AA har C ta kusa ƙarewa. A 2014 masana suka ja kunne. Domin an gano masu CA sun fi masu AA kyan sassarfa da sukuwa. Wato an sami abu ɗaya, ana asarar wani. Kuma ƙwayar da ta ɓace daga tsibirin da ba a shiga, ba kasuwar da za a sayo ta.

Abu na uku darasi ne ga mai son dokin nesa. Dawakin da aka haifa a Islanda aka kai su Turai, da yawa suna kamuwa da wani ƙaiƙayi mai tsanani lokacin zafi. Wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke kawo shi. Dokin yana susa har geza da wutsiya su zube. Amma ɗiyansu da aka haifa can Turai, jini ɗaya, kaɗan ne ke kamuwa, domin jikinsu ya saba da cizon tun suna ƙanana. Jini mai kyau a wata ƙasa yana iya shan wahala a wata.

A gidanmu

Aikin zaɓen iri da rubutu ba baƙo ba ne a Nijar. A Tukunus, kusa da Filinge, ana zaɓen shanun Azawak tun 1954, ana auna nonon saniya ana rubutawa. A Maraɗi akwai cibiyar jar akuya. Dokar gadon da ke aiki ga saniya da akuya ita ke aiki ga doki.

Muna da dawakin da ake alfahari da su: na Arewa, da Bagazan na duwatsun Ayar, da na ƙasar Manga. Sun saba da zafinmu, da ƙishirwa, da tafiyar rairayi. Wannan sabo kakanninsu ne suka biya shi da rayukansu cikin fari da yunwa, kamar yadda na Islanda suka biya nasu da sanyi. Babur ya karɓe aikin doki a ƙauyuka da yawa. Masu sukuwa kuma suna son dogayen dawakin gabas, na wajen Cadi da Sudan. Ba laifi ba ne mutum ya so gudu. Amma in kowace goɗiyar gari aka kai ta wurin baƙon ingarma, rabin jinin gida ya tafi a haihuwar farko. A ta biyu kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. A ta uku, ɗaya cikin takwas. Kafin yaron da aka haifa bana ya yi aure, irin ya narke. A ganinmu, gari ya kamata ya bar wasu goɗiyoyi na ƙwarai ga ingarman gida.

Mai neman baye, kada ya tsaya ga kallon ingarma ranar hawan salla, an yi mashi ado, ya ƙoshi. Ya nemi ganin ɗiyanshi, uku ko biyar, a gidaje dabam. Ya dubi waɗanda ke hannun talakawa, domin su ne dawa ba ta rufe ma aibi ba. Ya dubi ƙafafu da kofato kafin launi. Ya tambayi uwar ingarman da ubanshi, don kada ya zama ɗan uwan goɗiyarshi ne na kusa. In ana gwada dawaki biyu, a gwada masu shekaru ɗaya da ci ɗaya, in da hali a canza masu mahaya a sake. Goɗiyar kuma a ciyar da ita lokacin ciki da shayarwa, da harawa da dusa da kanwa, domin duƙushin da ya sha yunwa a shekararshi ta farko ba ya kai tsayin da jininshi ya tanada. In aka ga ciwo ko ɓari, a sanar da likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo.

Sauran aikin naku ne, ku da kuka koyi rubutu. Kaye ɗaya ya isa gari guda. A ba kowane doki shafi. A rubuta sunanshi da launinshi, sunan uwa da na uba da masu su, watan haihuwa da shekara. In ya cika shekara huɗu, a auna tsayinshi da igiya a gwada ta da meta. A rubuta ko taƙamarshi ta haihuwa ce ko ta igiya, da halinshi a turke, da cutar da ya taɓa yi. Ga goɗiya a ƙara ranar baye da sunan ingarman, sannan a ƙirga wata 11 a rubuta lokacin da ake sa ran haihuwa. Kayen ya zauna wurin malamin cibiya ko wurin maigari, inda mai saye da mai saidawa duka za su iya buɗe shi.